Baba Nafiou da Ganyen Bayan Ruwa

Baba Nafiou bai iya wuce kore bai tsaya ba. Ko a bakin titi ne, in ya hango wani abu ya tsiro a gindin fitila, sai ya rage tafiya ya leƙa. A wurinsa tsiro ko abincin mutum ne ko na dabba, sauran kuwa an bar wa Allah. Furannin da ake jerawa a manyan titunan Riyad duk cikin na ƙarshen yake sa su, yana kuma jin takaicin ruwan da ake zuba musu.

A wani ƙauye kusa da Matamai aka haife shi, cikin ƙasar Damagaram. Ya ce abin da ya fara sani a duniya shi ne bin uwarsa daji da ƙwarya. In hatsi ya ƙare a rumbu sabo bai nuna ba, tafasa da yaɗiya da gasaya ne ke riƙe gida. Ita ta koya masa tsinkar ganye da farcen babban yatsa, daidai ƙasa, a bar saiwa a wurinta don gobe. Har yau farcen nan nasa dogo ne, mai kauri, ba ya yanke shi.

Da bizar kiwo ya shigo Saudiyya. Shekarunsa na farko a sahara ya yi su, daga shi sai tumakin wani Balarabe da tankin ruwa. Larabcinsa na makiyaya ne, har yanzu in ya buɗe baki a kanti sai 'yan birni su yi murmushi. Da gwiwa ta fara damunsa, kafil ɗinsa, wato maigidan da takardar zamansa ta iƙama ke hannunsa, ya mai da shi gadin istiraha a hanyar Sumama, irin gidan hutun nan mai katanga da dabino da tanti, inda iyali ke zuwa ƙarshen mako su gasa nama. A bayan tankin ruwa, inda maigidan ba ya leƙawa, Baba ya yi ɗan lambunsa na yakuwa da rama da zogale. Iyalinsa suna gida. Matarsa Delou takan aiko masa da murya a waya, shi kuma ya saurara sau da yawa kafin ya mayar da amsa.

Abbanmu direba ne, shi ke kai iyalin maigidan istiraha. Ranar da ya ji mai gadi yana zagin akuya da Hausa, ranar suka zama aminai. Tun daga nan duk Juma'a Baba Nafiou a gidanmu na unguwar Nasim yake cin abincin rana, da ledar ganye a hannu. Abba ya rasu, Baba bai daina zuwa ba. Shi ya tsaya a matsayin uba ranar ɗaurin auren yayata Bilƙisu da Ghali, wani Bakane mai gyaran na'urar sanyaya ɗaki. Da yake Kanawa da Damagarawa abokan wasa ne, ba a taɓa gama cin abinci lafiya ba.

"Baba, a garinku ma ana cin shinkafa, ko sai an zo ƙasa mai tsarki?"

"Ci ka yi shiru, bawana. Kakanka ne ke ɗaukar wa kakana buta."

Ni kuwa, Marwa, ba na nan a yawancin waɗannan shekaru. Karatun tsirrai ya kai ni arewacin Kanada. Aikin da nake yi duk bazara shi ne neman wani ɗan tsiro da ba a cika samu ba, a bakin dazuzzukan nan masu duhu da sauro. Sunansa a can yana nufin ciyawar wata, saboda ganyensa a yanke yake gida-gida, kowane kamar jinjirin wata. Tsawonsa bai kai ɗan yatsa ba. Ba ya fure, ba ya 'ya'ya, da wata ƙura mai laushi yake haihuwa. Yakan yi shekaru a ƙarƙashin ƙasa bai leƙo ba. Ba a ganinsa a tsaye. Sai an durƙusa an rarrafa, kunci kusa da ƙasa, ana duba ciyawa daga gefe. Iri-irinsa sun yi kama ƙwarai, da yankan ganye ake bambanta su, wani lokaci mutum ya wuni a kan guda ɗaya bai yanke hukunci ba. Alamar dukan danginsu ita ce kara ɗaya ya rabu biyu, gefe ganye, gefe ɗan tsinke mai ɗauke da ƙurar.

Da na dawo na yi wa Baba wannan bayani, ya saurara da kyau har na gama.

"Ana ci?"

"Ba a ci, Baba."

"Dabba?"

"Ya yi mata ƙanƙanta."

Ya dubi Umma. "Hajiya, ƙarshen duniya kunka kai yarinyar ga ta koyo rarrahe."

A hunturun da na dawo, da yake a nan da sanyi ake ruwa, aka yi ruwa mai kyau. Sahara ta yi kore, kowa ya ɗauki mota da tabarma ya fita. Bilƙisu tana da ciki, na farko da ya zauna mata bayan an daɗe ana jira, kuma ba abin da ke tsaya mata a ciki. Wata Juma'a ta ture faranti ta ce ita kwaɗon ganye take so, amma ba zogale ba, ba rama ba, ganyen daji take so, irin wanda Baba ke ba da labari. Mu dariya muka yi. Baba bai yi ba. A inda ya fito, in mai ciki ta yi kwaɗayin abu ba a bar ta da shi, wanda ya ji da kunnensa kuwa ya ɗauki nauyi.

Tun yana kiwo ya san wani ɗan ganye mai kauri da ke fita a kwari bayan ruwa. Ya ce ya ga makiyaya suna tsinka suna ci, ya ce kuma akwai mai kama da shi a jigawar garinsu. Ya shiga motar mai kawo ruwa, aka sauke shi a hanya, ya taka ya tsinko. Ya dawo istiraha ya zauna ya gyara, ya zubar da duk abin da ba ganye ba, ya wanke, ya tafasa, ya matse, ya kawo shi a dunƙule cikin roba. Umma ta daka ƙuli-ƙuli ta kwaɗa. Bai fi cin mutum ɗaya ba, don haka ba wanda ya taɓa. Bilƙisu ta cinye har tana lasar yatsa. Ina wajen neman aiki a ranar, ban ga ko ɗaya ba.

Washegari amai ya kama ta, da gudawa, da murɗar ciki. Kafin azahar tana asibiti an sa mata ruwa.

Likitar wata mace ce mai magana a hankali. Ta tambayi abin da aka ci, Umma ta faɗa mata, sai ta ajiye abin da ke hannunta.

"Wane ganye?"

Ba wanda ya sani. Baba ma da muka kira shi bai san sunansa da Larabci ba, da Hausa kuwa ya ce su ganye kawai suke cewa.

Likitar ta jawo ni da Ghali gefe. Ta ce amai da gudawa a mai ciki abu ne da suke gani kullum, yawanci ruwa da hutu ne maganinsa. Amma akwai wasu tsirrai masu albasa a ƙasa da ke fita a sahara daidai wannan lokaci, ganyensu siriri, kuma wasunsu guba ne. Wanda ya ci yakan fara da amai, ya ji sauƙi kamar ya warke, sai daga baya abin ya taɓa jini da hanta. In irin wannan ne, za a mai da Bilƙisu ɗakin kulawa ta musamman, kuma ba za ta iya ba mu tabbaci a kan cikin ba. In ba shi ba ne, ba ta ga abin tsoro ba.

"Ku kawo mini tsiron," in ji ta. "Ɗanye, ba dafaffe ba."

Robar an wanke. Abin da Baba ya zubar wajen gyara, kajin maigidansa sun cinye. Rana kuma ta riga ta yi ƙasa, ba a neman ɗan tsiro a sahara da fitilar waya. Muka bar shi sai da safe.

Muna idar da sallar asuba Ghali ya ɗauke ni. Umma ta zauna da Bilƙisu, tunda ba a barin maza a ɗakin mata. Muka tarar da Baba tsaye a ƙofar istiraha, da rawaninsa, hannu a baya. Ya shiga gaba. Ghali ya ce, "Ina kwana, Baba." Baba ya ce, "Lahiya lau." Ba wanda ya tsokani wani, muka kama hanya har muka bar kwalta.

Wurin ya ɓace masa. Duk kwarin da muka tsaya sai ya sauka, ya duba gabas, ya duba yamma, ya dawo. Masu fita shan iska sun tattake ko'ina da mota, sawun taya ya hau kan sawun taya. Ya ce akwai wata ƙaya da iska ta rataya wa shuɗiyar leda. Ghali ya ce, "Baba, wace ƙaya ce a ƙasar nan ba ta da leda?" Ba da wasa ya faɗa ba. Sai da Baba ya ce a koma inda motar ruwa ta sauke shi, ya taka da ƙafa kamar yadda ya yi ran nan, muna bin sa a hankali da mota. Ƙafarsa ta tuna abin da idonsa ya manta. Ya hau wani tudu, ya gangara, ya tsaya.

"Nan ne."

Ɗan kwari ne, bai fi tsakar gida ba, rairayinsa ja, da sauran laima a ƙasa. Daga tsaye ba ka ganin komai sai ɗan kore-kore nan da can. Na ce su tsaya a baki, kada su taka ciki. Na tattare abayata, na durƙusa, na kwantar da kunci.

Abu na farko da na gani shi ne abin da nake tsoro. Ganye ne siriri, dogo, yana lanƙwasa a kan rairayi. Na ɗaga shi ga rana, jijiyoyinsa a miƙe, layi-layi. Na tona da cokalin da na taho da shi daga gida, sai ga 'yar albasa da baƙar riga. Ban iya cewa wace iri ce ba tunda ba ta yi fure ba, amma daga dangin da likita ke nufi take. Ba ita kaɗai ba ce, suna nan warwatse a kwarin.

Na ɗaga ta. "Baba, wannan ce?"

Ya matso, ya karɓa, ya juya ta. 

"Ba ita ba ce." Ya sake juya ta. "Ina ji ba ita ba ce. Ɗiyata, jiya da kin tambaye ni da na rantse miki. Yau ban sani ba. Ido ya tsufa. Ko ta shiga ciki ban lura ba?"

Ghali ya juya mana baya, ya dafa mota.

Na koma ƙasa. Na ci gaba da rarrafe, kamar yadda aka koya mini, layi ɗaya daga wannan baki zuwa wancan, sannan a matsa kaɗan a dawo. Can a inuwar wani ɗan dutse na gan shi. Ganye ne mai kauri, gajere, mai kamar bakin mashi, ba shi da jijiyar tsakiya. Daga gindin ganyen wani ɗan tsinke ya fito ya miƙe sama, a kansa akwai ƙananan ƙulle-ƙulle jere biyu. Kara ɗaya, ya rabu biyu. Ban taɓa ganin wannan a raye ba, a littafi kawai na san shi, amma dangin ba sa ɓuya. Ɗan'uwan ciyawar wata ne, na ƙasashen zafi, wanda Larabawa ke kira harshen maciji saboda siffar tsinken. An rubuta cewa makiyaya suna cin sa ɗanye.

"Baba, zo ka gani. Bi ta nan, kan sawuna."

Ya durƙusa da ƙyar, gwiwarsa tana ƙara.

"Shi ne! Wallahi shi ne. Ga ɗan tsinken nan da nike zubarwa."

"Wannan tsinken kake zubarwa?"

"To mi za a yi da shi? Ai ba ganye ba ne."

Da ya bar ko guda ɗaya a cikin robar, da tun jiya an gama magana. Ban faɗa masa ba. Uwarsa ta koya masa gyaran ganye, kuma daidai ta koya masa, ba a kai wa mai ciki kwaɗo da tsinke.

A can inda na yi karatu ba a tona irin waɗannan, laifi ne babba, don in ka taɓa saiwar ka kashe shekaru. Na tona. Babu albasa. 'Yar guntuwar saiwa ce mai yatsu masu kauri, da busassun rigunan ganyen bara a wuyanta. Na sa shi a leda, na sa mai albasar a wata ledar dabam.

Ghali ya taho da sauri. "Shi ke nan? Mu tafi?"

"Tukuna, Yaya Ghali. Mun san abin da ya yi niyyar tsinka. Ba mu san abin da ya shiga hannunsa ba. Su biyun a wuri ɗaya suke."

Baba ya zauna a kan rairayi. "Ka ji ko? Abin da nike faɗi ke nan."

Hannunsa na kan gwiwa, sai idona ya faɗa kan farcen nan.

"Baba, ka tumɓuke ko ɗaya?"

"Subhanallahi. Ni? Ba a tumɓuke ganye."

"Wani kwarin fa, ka shiga?"

"Nan kaɗai. Daga dutsen can zuwa ƙayar ga. Gwiwa ba ta bar ni na wuce ba."

In haka ne, duk abin da ya tsinka gindinsa yana nan. Na ce wa Ghali ya karyo mini ƙananan itace. Na sake farawa daga baki, yanzu ba tsiro nake nema ba, gindi nake nema. Da ido ya saba sai suka fara bayyana, 'yan kututture daidai ƙasa, kansu ya bushe ya yi ruwan ƙasa, yankan a tsabtace kamar da reza. Duk wanda na samu sai in kafa itace, in kauda rairayi da yatsa har in taɓa saiwa, in mayar. Yatsu masu kauri. Na gaba, yatsu masu kauri. Ghali yana biye da ni a durƙushe, wandonsa na aiki ya yi ja, yana tambaya a kan kowane, "Wannan fa?" Baba yana zaune yana jan carbi, ba ya kallonmu.

Rana ta ɗaga. Wuyana ya ƙage. Masu albasar da nake wucewa duk ganyensu cikakke ne har tsini, ina duba kowace.

Kusa da ƙayar na samu wadda ba cikakkiya ba. Mai albasa ce, ba shakka, kuma ganyenta ɗaya a gutsure yake.

Ghali ya ga na tsaya.

"Mene ne?"

"Bari in duba."

"Marwa, mene ne?"

Baba ya taso. Muka kewaye ta mu uku. Ya dube ta, ya ce, "Innalillahi," a hankali, ya sake cewa.

Na kwanta sosai. Yankan ba daidai ƙasa yake ba, a tsakiyar ganye yake, kuma bakinsa a dagargaje. Gefenta rairayin ya lotsa, da zanen taya a kai. Na bi lotsawar da yatsa, ina kauda rairayi kaɗan-kaɗan. Ga shi nan a binne, rabin ganyen, ya yi laushi ya manne da ƙasa. Na ɗago shi a hankali na haɗa da gindin. Bakin ya hau baki.

"Mota ce ta taka ta," na ce. "Ga sauran. Bai je gidanmu ba."

Ghali ya karɓa ya haɗa da kansa, ya raba, ya sake haɗawa. Sai ya zauna daɓas ya rufe fuska da hannu biyu. Na ƙarasa ɗan abin da ya rage har gindin ƙayar. Ba wata mai albasa da aka taɓa. Na miƙe na dubi kwarin, itatuwa tsaye ko'ina, kowane a kan gindin da ba shi da albasa.

"Baba, hannunka bai yi kuskure ba. Ko sau ɗaya."

Baba ya matsa gefe. Ya fuskanci alƙibla, ya sa goshi a rairayi, ya daɗe. Da ya ɗago, rairayi manne a goshinsa da gemunsa, Ghali ya miƙa hannu ya tashe shi.

"Ka ga Badamagare," in ji Ghali. "An kawo shi ƙasar dabino da naman rago, shi sai ciyawa."

"Rufe mini baki. Matarka ta ce tana so. Kai da kake mijin, mi ka kawo mata? Iska mai sanyi?"

Na ɗauki hotuna, na kwarin da itatuwansa, na tsiron biyu gefe da gefe, na saiwa da albasa, na ganyen da mota ta taka. Kafin mu shiga mota Baba ya koma ya tattara rairayi ya rufe ramukan da na tona, ya danna da tafin hannu.

A asibiti likitar ta zuba ledojin a kan tire. Na nuna mata tsinken, na nuna mata saiwar, na rubuta mata sunan tsiron na ilimi ta duba da kanta, ta kuma aika hotunan ga masu kula da harkar guba. Ta tambaye ni yadda na tabbatar bai haɗa da ɗayan ba, na nuna mata hoton itatuwan. Ta daɗe tana kallo.

"Duka kika tona?"

"Duka."

Ta ce gwajin jinin safe ya fito lafiya, amma shi kaɗai bai isa ya kwantar mata da hankali ba, saboda irin wannan gubar takan jinkirta. Yanzu da ta ga tsiron, za ta maimaita gwajin don cika ƙa'ida, in ya fito daidai Bilƙisu ta koma gida gobe. Bugun zuciyar jariri lafiya lau. Abin da ya kama ta, a ganinta, ciwon ciki ne irin na kowa, ko daga abinci ko daga ruwa. Ta tambaya me aka haɗa ganyen da shi. Umma ta ce ƙuli-ƙuli. Ta ce na yaushe? Umma ta gyara mayafi ta ce wata 'yar Umara ce ta kawo mata daga Kano, ta kuma ƙi faɗin wace shekara. Likitar ta ce ita ba ta ɗora laifi a kan komai ba, amma a zubar da sauran, kuma kada a sake ba mai ciki ganyen da ba a san sunansa ba.

Na leƙa Bilƙisu. Tana zaune a kan gado, fuska ta faɗa, amma tana shan shayi.

"Ina Baba?"

"Yana waje."

"Umma ta ce jiya kuka yake a waya. Ki ce masa ni ce na roƙa, shi ba ruwansa."

"Ki faɗa masa da bakinki."

Na kira wayar Ghali, na sa mata a kunne. Ban ji abin da Baba ya ce ba. Na dai ji tana cewa, "Na'am, Baba. Lafiya lau, Baba. Yana motsi ma yanzu. A'a, wallahi ban yi fushi ba." Sai ta yi dariya, ta riƙe ciki.

Da na fito na same shi zaune a kan dakalin wurin ajiye motoci, ya cire takalmi, ya miƙe ƙafar mai ciwo. Na maimaita masa duk abin da likita ta ce, dalla-dalla, har da gargaɗin. Ya gyaɗa kai.

"Ta yi gaskiya. Ni ma na ji tsoron Allah." Ya gyara ƙafar. "Amma ɗiyata, ba ki faɗa mini ba. Wancan naku na ƙasar sanyi, da wanga, da gaske dangi ne?"

"Dangi ne na kusa, Baba."

"Ikon Allah. Wani can cikin ƙanƙara, wani nan cikin rairayi." Ya shafa gwiwa. "To shi wanga ya fi hankali, tunda ana cin shi."

Washegari aka sallami Bilƙisu, gwajin ya fito daidai. Amma ni abin da na fi tunawa shi ne wannan zaman na bakin asibiti. Baba ya dafa ciki, ya dubi Ghali kamar wanda ya tuna wani abu.

"Kai, akwai mai gurasa kusa? Rabona da abinci tun da Hajiya ta kira ni."

Ghali ya tsallaka titi ya dawo da gurasar tamis mai zafi, da wake a roba, da shayi. Baba ya wanke hannu da ruwan gora, ya yi bismilla, ya yago gurasa ya dangwala. Ya ci, ya ci, bai ɗaga kai ba. Sai da ya kusa gamawa ya lura muna tsaye muna kallonsa, ya tura mana robar da bayan hannu.

"Ku zauna mana. Ku ma ai ba ku karya ba."